Ar-Razi da Tarihin Fifita Hujja a Kan Taƙlidi a Asibiti

Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 313 ta Hijira (925 Miladiyya), ya shugabanci asibitin garin Rayyi, sannan na Bagadaza. A zamaninsa maganar Jalinus, likitan Yunanawa, ita ce abin dogaron masu magani. Amma ar-Razi ya lizimci rubuta halin majinyata, kuma da ya ga yanayin zazzaɓinsu ya saɓa wa bayanin Jalinus a wurare da dama, sai ya wallafa Ash-Shukuk ala Jalinus, yana girmama malamin, yana kuma bayyana inda ya kuskure.

A cikin Al-Hawi ya ambaci wasu majinyata masu alamun cutar sarsam, wadda ake fassarawa da sanƙarau. Ya tsaga jijiyar wasunsu ya fitar da jini, ya ƙyale sauran da gangan domin ya kwatanta. Waɗanda ya ƙyale suka kamu, sai ya hukunta cewa fitar da jinin kariya ce.

Manhajinsa daidai ne, amma natijar ba ta tabbata ba, domin gwajin mutum guda bai isa hujja ba sai an maimaita an ƙidaya. An ci gaba da zubar da jinin marasa lafiya ƙarnoni, har likita Pierre Louis na Faransa ya fitar da littafinsa a 1835, bayan ya bibiyi majinyata 77 masu ciwon huhu, ya gano cewa waɗanda aka gaggauta fitar wa jini sun fi mutuwa.

A fagen jinya kuwa, Florence Nightingale ta isa asibitin sojan Ingila da ke Uskudar, a Istanbul, a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Daga baya ta nuna da alƙaluma cewa cututtukan da ƙazanta ke yaɗawa sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Hujjarta ta ɗore saboda hukuma ta yi aiki da ita, kuma makarantar da ta kafa a Landan a 1860 ta yaye masu jinya a kan tsafta da tsari.

Ashe ke nan hujja ba ta ceton rai sai asibiti ya adana bayanan majinyata, kuma ya yarda ƙidaya ta gyara maganar babba, kamar yadda masana hadisi ba sa karɓar riwaya don girman mai ita sai sun binciki isnadinta.