Ciwon sukari da mura: kwanakin murmurewa ma suna da haɗarinsu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa da ƙura, mura da tari da masassara kan bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, daga Yamai har Damagaram. Ga yawancin mutane ciwo ne na mako guda: a sha paracétamol, a kwanta, a tashi. Ga mai ciwon sukari lissafin daban ne. Cutar birus, ko mura ce, ko korona, ko dengi, tana birkita sukarin jini tun daga ranar farko, kuma birkicewar ba ta ƙarewa ranar da zazzaɓi ya sauka.

Idan jiki yana yaƙi da cuta, yakan saki sinadarai irin su kortizol da adirenalin. Su ne ke sa hanta ta zubo sukarin da ta ajiye cikin jini, su kuma rage wa insulin ƙarfi. Shi ya sa mutum zai wuni bai sa komai a bakinsa ba, amma a auna a tarar da 2,50 g/l ko fiye. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ce tunda ba su ci abinci ba, babu dalilin yin allura. Mai amfani da insulin ba ya daina ta saboda rashin lafiya, musamman mai dogon aikin nan da ke riƙe jiki dare da rana. Sau da yawa ma ƙari jiki ke nema, amma likita ne zai faɗi yawan ƙarin.

Ƙwayoyi kuwa kowace da hukuncinta. Metformine, wadda aka fi sani da Glucophage, ana dakatar da ita idan akwai amai ko zawo ko mutum ya kasa shan ruwa, domin idan jiki ya bushe ƙoda ba ta iya fitar da ita yadda ya kamata. Glibenclamide da gliclazide, wato Daonil da Diamicron, suna tura sukari ƙasa ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka wanda ya kasa ci ya tuntuɓi likita kafin ya haɗiye su. Wasu magungunan hawan jini, irin su captopril da énalapril da furosémide, su ma akan jingine su a kwanakin amai da zawo. Abin da aka fi mantawa shi ne komawa. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da maganin bayan an yi awa 24 zuwa 48 ana ci ana sha kamar kullum. Akwai masu ajiye ƙwaya saboda mura, su ji sauƙi, sai bayan wata guda ƙishirwa da yawan fitsari su tuna musu.

Kwanakin murmurewa ƙofa biyu gare su. Ta farko faɗuwar sukari ce. Da zarar cuta ta fara ja da baya, sinadaran da ke ɗaga sukari su ma suna raguwa. Wanda aka ƙara wa insulin lokacin da yake kwance, idan ya ci gaba da wannan adadi, yana iya farkawa cikin dare da gumi da rawar jiki da bugun zuciya. Duk awon da ya sauka ƙasa da 0,70 g/l, a sha ƙwayar sukari uku a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a bi da ɗan abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi.

Ƙofa ta biyu daga ƴan dubiya take shigowa. Babu mai zuwa hannu rabbana: wannan da lemun kwalba, wancan da dabino, wata da fura an dama da sukari don marar lafiya ya mayar da jiki. Kulawa ce, amma mai ciwon sukari da cinsa ya dawo zai iya tara a wuni ɗaya abin da jikinsa ba zai ɗauka ba. Haka ma haɗin citta da lemun tsami da zuma da ake yi wa mai tari. Citta da lemun tsami ba su da laifi, zuma ce dai sukari, ko daga wane daji ta fito. Kunu ko koko kaɗan-kaɗan suna da amfani a ranakun da tuwo ba ya shiga, don kada sukari ya faɗi. Da ci ya dawo sai a koma ga tsarin da aka saba, tare da miya da ganye irin su zogale. Ruwa kuma kofi ɗaya kowace awa, sai dai wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda.

Saboda waɗannan ƙofofi biyu ne awo bai kamata ya tsaya da saukar zazzaɓi ba. Mai insulin ya auna kowace awa huɗu lokacin ciwo, har da sau ɗaya cikin dare. Mai ƙwaya ya auna kafin kowane abinci da lokacin kwanciya. A ci gaba da haka kwana biyu ko uku bayan an ji sauƙi, ana rubuta sa'a da lamba a takarda. Takardar nan ta fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Maganin murar kansa na iya zama matsala. Dexaméthasone, wadda masu tallan magani ke kira dexa, da ƴan uwanta prednisolone da Célestène, suna ɗaga sukari sosai. A shekarar 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna dexaméthasone na rage mace-mace ga masu korona mai tsanani da ke buƙatar iskar oksijin. Wannan magana ce ta marar lafiya da ke kwance asibiti, ba ta mai mura a gida ba. Wanda likita ya rubuta masa ita ya sanar cewa yana da ciwon sukari, ya kuma sani ranar da ya gama shan ta sukarin zai fara sauka. Yawancin siron tari akwai sukari a ciki, a nemi marar sukari a farmasi. Ibuprofène da diclofénac suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe, kuma idan dengi ce, irin wadda ta addabi Burkina Faso a 2023, su da aspirine suna ƙara haɗarin zubar jini. Amoxicilline ba ta kashe birus.

A ƙasarmu kuma ba kowane zazzaɓi ne mura ba. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a CSI mafi kusa, kuma idan aka zo batun kinin a tuna tana saukar da sukari.

Akwai alamun da ba a jira da su gari ya waye: amai da ya hana ruwa zama na tsawon awa huɗu zuwa shida, sukari da ya wuce 2,50 g/l ya ƙi sauka, ciwon ciki tare da numfashi mai zurfi da sauri, baki na ƙanshi kamar ƴaƴan itace da suka nuna sosai, ruɗewa, ko barci mai nauyin da ake tayar da mutum da ƙyar. Ga yara da matasa masu insulin, wannan kan nuna jini ya fara tsami. Ga tsofaffi bushewar jiki ce ke tafiya a hankali, iyali na zaton gajiyar mura ce. Haka nan zazzaɓin da ya sauka ya dawo, da ciwon ƙirji ko majina mai launi, na iya zama ciwon huhu. Majo na CSI zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram, ko babban asibitin jaha a Maraɗi ko Tawa.

Kasala kan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ta saki mutum. A fara da tafiya ta minti goma, a ƙara a hankali, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko kwanciya ta bar rauni. Azumin nafila ko na ramuwa ya jira har awo ya daidaita. Idan bayan mako biyu lambobin ba su koma inda suke kafin ciwo ba, a ɗauki takardar awo da duk kwalayen magungunan da aka sha, har da na titi, a kai wa likita ya sake duba ordonansi.