Yadda Murya Ta Ke Isowa Dapaong: Labarin Wayar Iska a Ƙasar Togo

Daga Lome a bakin teku zuwa Dapaong, kusa da iyakar Burkina Faso, tafiyar ta fi kilomita 600, Sokode kuwa tana wajen tsakiya. Ƙasar Togo doguwa ce, siririya, duwatsu kuma sun ratsa ta. Saboda haka tun dā wahalar mutanenta ita ce yadda magana za ta tashi daga wannan gefe ta kai wancan. A wannan shekara ta murna, da mu ke tuna alherin Allah a gare mu, ya kamata mu tuna da hanyar da muryoyi suka bi har suka iso mu, gama bishara ma ta bi ta nan.

Kakanninmu fatake sun san wannan wahala. Ayarin goro ya kan tashi daga Kano zuwa Gwanja, ya bi ta Jugu da Sokode, ko kuwa ta arewa ta Sansanne Mango. Labarin gida ba ya zuwa kai tsaye. Wani madugu ya kan bar shi a zango, wani ya ɗauka ya kai zango na gaba, har ya sami mai shi bayan watanni. Wayar iska ta rage watannin nan sun koma ƙiftawar ido, amma al'adar karɓa da miƙawa ba ta sāke ba.

Gidan Kamina

A zamanin mulkin Jamus, a 1911, kamfanin Telefunken ya soma gina babban gidan wayar iska a Kamina, kusa da Atakpame. An gama shi a 1914. Yana da dogayen turaku na ƙarfe guda tara, mafi tsawonsu mita 120. Aikinsa shi ne ya karɓi saƙo daga Nauen, kusa da Berlin, tafiyar fiye da kilomita 5,000, sa'an nan ya miƙa shi zuwa Kamaru, da Windhoek a kudu maso yammacin Afirka, da jiragen ruwan Jamus da ke cikin teku.

Da yaƙi ya tashi a watan Agusta na 1914, Ingilishi suka yanke wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku. Kamina ta zama babbar ƙofar da ta rage tsakanin Berlin da ƙasashenta na Afirka, cikin mako uku ta miƙa saƙo 229. Don haka ne aka kawo mata yaƙi. Sojan Ingilishi suka shigo daga Gold Coast, wadda ita ce Gana a yau, Hausa kuwa ita ce harshen barikinsu. Faransawa suka shigo daga Dahome, waɗansu kuma daga arewa ta Mango. Da Jamusawa suka ga ba makawa, sai suka rushe gidan da hannunsu a daren 24 ga Agusta, suka ba da kai ran 26 ga wata. Aikin shekara uku ya faɗi a dare ɗaya.

Masu Rediyon Sha'awa

A cikin shekarar nan ta 1914, a Amurka, wani mutum mai suna Hiram Percy Maxim ya so ya aika saƙo daga garin Hartford zuwa Springfield, saƙon kuwa bai kai ba. Sai ya roƙi wani mai na'ura da ke tsakani ya karɓa ya miƙa. Daga nan ya kafa ƙungiyar masu miƙa saƙo da a ke kira ARRL. Waɗannan su ne masu rediyon sha'awa, watau mutanen da su ke harhaɗa na'ura a gidajensu, su yi magana da juna ba don kuɗi ba, da iznin hukuma. Kowace ƙasa tana da alamar kiranta, ta Togo tana farawa da 5V.

Hukumomi sun bar musu gajeren zango, suna tsammani ba shi da amfani. Ashe gajeren zango ya kan hau sama ya bugi wani rufi na iska can bisa, ya dawo ƙasa a nesa ƙwarai. A watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe a garin Nis da Amurkawa suka yi magana da juna ta kan teku da ƙananan na'urori. Abin da Kamina ta yi da turaku tara, sai ga shi ana yinsa daga ɗaki.

Muryoyin da Suka Zo Daga Nesa

Gidan rediyon Lome ya buɗe a 1953. Ran 18 ga Janairu 1954 mishan na S.I.M. ya buɗe gidan ELWA kusa da Monrobiya a Laberiya. A Jos a ke ɗaukar shirye-shiryen Hausa a faifai, a aika da su can, su dawo mana ta iska. A 1963 aka buɗe wani babban gida a Adis Ababa ta Habasha, wanda shirinsa na Hausa, Muryar Bishara, shi ma a Jos a ke yinsa. Masu bi da yawa da ke zaune a zangunan Togo da Gana, nesa da ikilisiyar da ke sujada da Hausa, ta akwatin rediyo su ke jin wa'azi da waƙa cikin harshensu.

Amma gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace gidan Adis Ababa a watan Maris na 1977. Yaƙin Laberiya kuma ya rufe bakin ELWA a 1990. An sāke tā da shi daga baya, amma ba da ƙarfin dā ba. Sai a 2008 ne Trans World Radio ta buɗe gida kusa da Paraku a ƙasar Benin, a matsakaicin zango, da ƙarfin kilowat 100.

Tasha a Kan Dutse

A cikin ƙasar Togo kanta an buɗe talabijin a 1973, da Rediyon Kara a 1975, sa'an nan bayan 1990 gidajen FM masu zaman kansu suka yawaita. To, muryar FM da ta rediyon hannu ba ta bugun sama ta dawo. Tana tafiya sosai kamar ganin ido, dutse kuwa ya kan tare ta. Mutum biyu masu rediyon hannu a fili, 'yan kilomita kaɗan ne iyakarsu. Don haka ne gwamnati ta kafa na'urorin talabijin a kan Dutsen Agu, wanda ya fi kowane tsawo a Togo, mita 986, da kuma tsaunin Aledjo a arewacin Sokode.

Masu rediyon sha'awa ma dabarar da suka yi ke nan. Daga ƙarshen shekarun 1960 suka riƙa sayen tsofaffin rediyon motocin haya da na 'yan sanda, su gyara, su kai bisa tudu. Wannan ita ce tashar miƙawa, wadda masu aikin ke kira rifita. Tana jin murya mai rauni daga ƙasa, nan take kuma ta maimaita ta da ƙarfi, har ta kai kilomita 50 ko fiye, gwargwadon tsawon tudun. A Afirka an ba su wuri tsakanin megahaz 144 da 146. Tashar tana ji a wani layi, tana magana a wani, da ratar kilohaz 600 tsakaninsu.

Ga inda wuyar aikin ta ke. Tashar tana ji tana magana a lokaci ɗaya, da eriya ɗaya, muryarta kuwa ta fi wadda ta ke saurare ƙarfi sau miliyoyi. Kamar mutum ne ya ke so ya ji raɗa daga ƙarshen kasuwa, alhali maroƙi yana kirari a bakin kunnensa. Maganin wannan shi ne waɗansu gwangwanaye na tagulla, huɗu ko shida, kowane da sanda a cikinsa. Mai gyara ya kan murɗa sandan kaɗan kaɗan yana duban ma'auni, har gwangwanin ya bar layi ɗaya ya wuce, ya tare ɗayan. In aka kuskure ko da ɗan murɗi ne, tashar ta kan kurmance, tana ta magana da ƙarfi amma ba ta jin na nesa. Ana kuma sa mata agogo wanda zai yanke mai dogon surutu bayan kamar minti uku, domin wani ma ya sami hanya.

Gini na kwana kaɗan ne, kiwo kuwa na kullum ne. A ƙasarmu ta arewa tsawar damina tana neman abin da ya fi tsawo, saboda haka dole a binne sandunan tagulla a ɗaura turken da su. Ruwa ya kan shiga igiyar eriya in ba a naɗe mahaɗinta da kyau ba. Ƙurar hunturu ta kan rufe farantin hasken rana, batir ya mutu. Zafin bazara ya kan buɗa ƙarfe, daidaiton gwangwanaye ya goce. Tururuwa da ɓeraye su kan yi gida cikin akwati. Tasha ba ta daɗewa sai akwai wanda ya ke hawa dutsen a kai a kai, da tsumma da ma'auni da littafin rubuta abin da ya gani.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, ku dubi labarin nan. Kamina, da Adis Ababa, da Monrobiya, manyan gidaje ne da aka gina da kuɗin waje, kowannensu kuwa yaƙi ko juyin mulki ya rufe bakinsa farat ɗaya, masu saurare na nesa ba su da abin yi sai jira. Ƙaramar tasha a kan tudunmu, in ta lalace, mu ne za mu hau mu gyara, in dai akwai mai sani a cikinmu. Wayar salula ta zo, mun gode Allah, amma ita ma turaku ne a kan tudu masu karɓa da miƙawa, kuma in wuta ta ɗauke ko ruwa ya cinye hanya, ta kan yi shiru a ranar da a ke bukatarta.

Don haka muna roƙon ikilisiyoyi daga Sokode har Dapaong, su zaɓi samari da 'yan mata masu hankali, su taimake su koyon aikin lantarki da na rediyo, su nemi iznin hukuma bisa ga doka. Waɗanda suka riga mu sun ba mu makaranta da littafi. Mu kuma mu bar wa na bayanmu hannuwan da suka iya gyara. Muna gode wa Allah domin dukan waɗanda suka miƙa mana murya, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ubangiji ya ba mu aminci cikin abin da aka danƙa mana. Amin.