Balsa, Gam da Reza: Tarihin Ƙaramin Jirgin da Ke Tashi Daga Ruwa

A Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai mutanen da kan sayi dogon kwali cike da siraran falankan itace mara nauyi da ake kira balsa, da babbar takarda mai zanen jirgin sama, su kwashe watannin hunturu suna yanka suna mannawa. Idan ƙanƙara ta narke sai su ɗauki abin da suka haɗa zuwa bakin tafki: jirgi mai inji biyu, faɗin fikafikansa kamar mita ɗaya da rabi ko biyu, ya yi gudu a kan ruwa ya tashi, mai shi na tsaye a gaɓa yana sarrafa shi da rediyo. Mai kallo daga nesa zai ce manya ne ke wasan yara. Tarihin al'adar ya nuna wani abu dabam. Kwalin balsa shi ne hanyar da ilimin ƙirar jirgin sama ya bi ya fita daga masana'antu ya shiga hannun mutanen gari, kuma wannan jirgin mai tashi daga ruwa, mai inji biyu, shi ne jarrabawa mafi wuya a wannan makaranta, domin duk matsalolin da suka wahalar da masu ƙera manyan jirage suna nan a jikinsa, girmansu kawai ya ragu.

Ƙaramin jirgi ya riga babba tashi. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tayar da ɗan jirgi mai farfela da murɗaɗɗiyar roba ke juyawa a wani lambu a Paris, ya yi daƙiƙa 11 a sama. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu abin wasa mai tashi da aka yi bisa ƙirar Pénaud, kuma su da kansu sun ce daga nan sha'awar tashi ta kama su. Sai dai shekaru hamsin bayan haka ana yin irin waɗannan jirage ne da gora da waya da siliki da katako mai nauyi, aikin da ke buƙatar kayan kafinta da hannun gwani. Abubuwa biyu suka sauya lamarin kusan a lokaci guda. A 1927 Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai daga New York zuwa Paris, yaran Amurka suka haukace da jirgin sama, kamfanoni irin su Cleveland da Comet da Guillow suka shiga sayar musu da kwalayen haɗa jirgi a farashin da yaro zai iya tarawa. Sannan a 1930 wani matashi Ba'amurke, Joe Ehrhardt, ya je Ingila ya cinye gasar Kofin Wakefield da jirgin balsa wanda bai kai na abokan karawarsa nauyi ba ko kusa. Daga nan gardama ta ƙare a kan itacen da ya dace.

Bishiyar balsa ta yankin zafi ce na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma Ekwado ce ta daɗe tana samar da mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya. Tana girma da sauri, ana sare ta tun ba ta cika shekara goma ba. Ɗanyenta cike yake da ruwa, sai an gasa ta a ɗakin busarwa ruwan ya fita, ya bar ƙananan ramuka cike da iska. Wanda bai taɓa riƙe ta ba ya tuna da ɓargon karan dawa da yara ke yin mota da shi: farce na shiga, reza na ratsa ta ba wahala, amma ita tana da jijiya a tsaye mai ɗaukar nauyi. Abin da ya mai da ta malama shi ne rashin daidaitonta. Falanki biyu masu girma ɗaya, daga kwali ɗaya, wani zai iya ninka wani nauyi. Saboda haka mai haɗa jirgi kan ɗaga falankin ya duba shi a haske, ya lanƙwasa shi a hankali, ya ɗora shi a kan sikeli, ya ware mai tauri don ƙashin fiffike, mai laushi don jela. Idan ya yi sakaci masu nauyin suka taru a fiffike ɗaya, jirgin zai riƙa karkata can duk tsawon rayuwarsa. Wannan shi ne lissafin da injiniya ke yi da alƙalami, a nan ana yin sa da yatsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tabbatar da cewa manyan ma sun ɗauki abin da gaske. Jirgin yaƙin Ingila mai inji biyu, de Havilland Mosquito, wanda ya fara tashi a Nuwamban 1940, an yi gangar jikinsa da balsa da aka matse tsakanin siraran falankan katako. Balsa ta zama kayan yaƙi, ta yi wuya a kasuwa, masu yin kwalaye suka koma kwali da katakon da ya samu. A 1942 kuma rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 don koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba. Gwamnati ba ta miƙa irin wannan aiki ga yara sai ta san hannunsu ya riga ya faɗa.

Rediyo ya shigo da nasa wahalhalun. Tagwaye Walter da William Good na Kalamazoo a jihar Michigan sun tayar da jirginsu mai rediyo a 1937, jirgin da aka sani da Guff, yanzu yana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington. Na'urorin farko masu nauyi ne, kuma shekaru da yawa abin da talaka ke iya juyawa daga ƙasa jelar jirgin ce kawai: danna maɓalli sau ɗaya ya juya dama, sau biyu ya juya hagu, murɗaɗɗiyar roba a cikin jirgin ce ke ba da ƙarfin juyawar. A 1947 Ray Arden ya fito da filogin inji mai zare da ke zama jajawur da kansa, aka huta da ɗaukar batirin inji da kayan tartsatsi a cikin jirgi. Sai a shekarun 1960 aka sami rediyon da ke motsa sassan jirgi daidai gwargwadon yadda aka tura sanda. Kafin wannan, jirgi mai inji biyu da ke tashi daga ruwa sai ƙalilan daga cikin gwanaye, domin jirgi ne da ba ya tashi sai ana iya ƙara wuta da rage ta sannu a hankali.

Dalilin yana ƙarƙashin jirgin. Henri Fabre ne ya fara tashi daga ruwa a Maris ɗin 1910 kusa da Marseille, Glenn Curtiss ya biyo baya a San Diego a 1911, kuma darasin da Curtiss ya koya da wahala shi ne ruwa na riƙe ƙasan jirgi ya hana shi tashi. Maganin shi ne a yanke ƙasan a yi masa tsani guda a tsakiya, yadda idan gudu ya yi gudu iska za ta shiga bayan tsanin, jirgin ya hau saman ruwa yana sulɓi. Catalina, wanda ya fara tashi a 1935 aka kuma ƙera fiye da 3,000, da Grumman Goose na 1937, da Canadair CL-215 mai kashe gobarar daji, duk suna da wannan tsani, kuma su ne jiragen da masu balsa suka fi kwaikwaya. A kan teburi, tsanin dole ya zauna ɗan baya kaɗan da wurin da nauyin jirgin ya daidaita, gefensa kuma ya kasance mai kaifi. Wanda ya goge shi da sanfefa ya yi masa santsi don kyau, zai tsaya a gaɓa yana kallon jirginsa na keta ruwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya ƙi ɗagawa. Ga kuma balsa da shan ruwa. Sai an shafe ƙasan da yadin gilashi da gam mai tauri, an toshe kowace kafa, an nannaɗe na'urar rediyo a leda, kuma duk shafi ɗaya ƙarin nauyi ne da fiffike zai biya.

Inji biyu kuwa tsoronsu tsoho ne. Ana ɗora su a saman fiffike don farfela ta tsira daga feshin ruwa, kuma da yake kowanne yana gefe guda, muddin ɗaya ya mutu ɗayan zai murɗa jirgin zuwa ɓangaren mataccen. Matuƙin babban jirgi yana jin haka a jikinsa nan take. Mai rediyo yana nesa, kunnensa kaɗai zai gaya masa, sau da yawa bayan fiffike ya riga ya faɗi. Shi ya sa tsofaffin hannu kan ɓata lokaci a gaɓa suna daidaita injinan da kunne har amonsu ya haɗu ya zama ɗaya, suna karkata kowane inji waje kaɗan tun a wurin gini, kuma ƙa'idarsu idan ɗaya ya mutu ita ce a rage wutar ɗayan a sauko.

Ana iya cewa kwalin kansa zaɓin rago ne, tunda wani ne ya yi zanen, wani ya yanka haƙarƙarin fiffiken. Wannan suka ta tsufa. An yi ta lokacin da aka fara buga siffofin a jikin falanki, an maimaita da injin yanka ya zo, da ledar rufi ta MonoKote ta maye gurbin takarda da siliki a shekarun 1960, da gam mai kamawa nan take, da yankan leza. Kowanne ya ɗauke wani aikin hannu, amma babu wanda ya ɗauke hukunci. Har yau mai haɗawa ne zai shimfiɗa zanen a kan allo miƙaƙƙe, ya kafe sassan da allurai, ya tabbatar fiffike bai murɗe ba, ya yanke shawarar inda zai ƙara ƙarfi da inda zai rage gam. Mutum biyu za su sayi kwali iri ɗaya, na ɗaya ya tashi a 'yan mitoci, na ɗayan ya nutse da hanci.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta wannan ƙarni. Jiragen soso da aka zuba a masana'anta suna zuwa kusan a haɗe, ba sa shan ruwa, sun fi arha. Injin lantarki da batirin lithium sun kusa kawar da mutuwar inji ɗaya, har ana iya juya jirgin a kan ruwa ta hanyar ba wa gefe ɗaya wuta fiye da ɗayan, rediyon zamani kuma ya raba mutane da rikicin shiga tashar juna. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma masu balsa da yawa sun rungumi lantarki ba tare da sun bar itace ba. Inda nake ganin an yi asara shi ne soso, domin shi ya ɗauke ginin gaba ɗaya. Wanda ya sayi jirgin soso zai koyi tuƙi, amma ba zai san dalilin da ya sa tsanin yake inda yake ba, kuma ranar da hancin ya fashe sai ya nemi sabo daga kamfani. Wanda ya gina nasa yana da zanen a nannaɗe, zai yanka sabbin haƙarƙari uku ya mayar.

Barazanar da ta fi kusa ma daga kasuwar itacen ta fito. Ana sa balsa a cikin dogayen fikafikan injinan da ke samar da lantarki da iska, kuma wajen 2019 da 2020 buƙatar Sin ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Masu sara suka kutsa dazuzzukan Amazon na Ekwado, har cikin yankunan 'yan asalin ƙasar, suna kwasar bishiyoyin bakin koguna. Masu haɗa ƙananan jirage kaso ne ƙanƙani na masu saye, ba su da bakin magana a farashi, kuma falanki mafi rashin nauyi, wanda su suka fi nema, shi ya fi wuyar samu. Wasu masu yin kwalaye sun ƙara yawan siraran falankan wasu itatuwa a wuraren da a da balsa ce zalla, abin da ke ƙara wa jirgi nauyi, a jirgi mai tashi daga ruwa kuma ya tsawaita gudun da zai yi kafin ya hau kan tsaninsa.