An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Upper Iweka da Fabrairun 2006

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Anacha ya taka Upper Iweka, ko da bai riƙe sunan ba. Nan ne hanyar da ta ƙetaro gadar Neja, wadda aka kammala a 1965, take rabuwa zuwa Inugu da Owerri, kuma nan manyan motocin safa na dare suke sauke fasinjojin Arewa da asuba. A bakin kwalta ga mai shayi yana fifita wuta, ga mai wankin takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, ga ɗan cin rani da tiren goro a ka. Abin da ya sami irin waɗannan bayin Allah a Fabrairun 2006 an fi kiransa rikicin addini. A ganina sunansa na gaskiya wauta, kuma ba a Anacha ta soma ba.

A Satumbar 2005 wata jarida a ƙasar Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ranar 18 ga Fabrairun 2006 taron nuna ɓacin rai a Maiduguri ya rikiɗe, aka ƙona coci-coci da shaguna, aka kashe Kiristoci, ciki har da 'yan kabilar Ibo masu neman abinci. Bayan kwana uku Anacha ta kama da wuta. Aka ƙona masallatai, aka kashe 'yan Arewa gommai, dubbai suka fake a barikin soja, wasu suka tsallaka gada a ƙafa zuwa Asaba ba ko takalmi. Kafin mako ya ƙare tarzomar ta taɓa Inugu. A dubi silsilar da kyau. Mai zanen yana Turai, ko ƙwarzane bai samu ba. Mai shagon kayan gyaran mota a Maiduguri ne ya biya. Waɗanda suka ƙona shagon suna kwance a gidajensu a Barno. Mai shayin Upper Iweka, wanda wataƙila bai taɓa ganin Maiduguri ba, shi ya biya. A kowane mataki an bar jaki ana dukan taiki, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya cewa dukan farko a namu ɓangaren aka yi shi.

Akwai masu cewa ramuwa ba wauta ba ce, dabara ce: idan kowane ɓangare ya san 'yan'uwansa na hannun ɗayan, zai yi tunani kafin ya ɗaga adda. Da haka ne, da abin ya tsaya tun 2000, lokacin da rikicin shari'a na Kaduna ya jawo kisan 'yan Arewa a Aba. Bai tsaya ba, shekara shida kacal aka sake. Dalilin a fili yake. Matashin da ke cinna wa coci wuta ba shi da buhun albasa a kasuwar Anacha, ba shi da tirelar shanu a hanyar Fatakwal, don haka barazanar ba ta isa kunnensa. Waɗanda take isa gare su su ne fatake da 'yan cin rani, mutanen da tun asali suka fi kowa son zaman lafiya, domin cinikinsu kan amana yake tafiya: a ba ka kaya bashi, ka biya in ka sayar. Ramuwar tana kashe masu riƙe da igiyar, ta bar masu tsinka ta.

Wasu kuma sukan ce talauci ne da 'yan wawaso, ba rashin hankali ba. Wawaso kam an yi. Amma talauci ba ya bayyana dalilin da zai sa talaka ya zaɓi wanda ya fi shi talauci, ya tare shi saboda hularsa ko harshensa. Sai an fara yarda cewa mutum ba kansa ba ne, wakilin kabilarsa ne kawai, sannan wannan zaɓi yake yiwuwa.

Ba kuma gado ba ne da za a ce haka aka taras. A shekarun 1950, magajin garin Inugu na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC, kuma ƙuri'ar mutanen garin ce ta kai shi majalisar da ta ba shi kujerar.