Yadakunya: Yadda Bishara Ta Shigo Ƙasar Kano Ta Ƙofar Kutare

Karatu: Luka 15:1-7, Markus 1:40-45

 

Duk wanda ya tashi a karkarar Makoda ya san abin da ake kira cigiya. Da kaka, bayan an kwashe gero da dawa an saki dabbobi, tunkiya takan bi kiwo ta yi nisa, har magariba ta yi ba ta dawo ba. Maigida ba ya zama ya ƙirga waɗanda suka rage ya ce sun ishe shi. Yakan ɗauki tocila ya shiga gonaki. Gari ya waye ya aiki yara ƙauyukan makwabta, ran kasuwa kuma ya tafi Dambatta ya shiga kara yana dubawa. Ba ya hutawa sai ya ga abarsa.

Da irin wannan misali ne Yesu ya amsa wa Farisiyawa sa'ad da suka yi gunaguni cewa yana karɓar masu zunubi, har yana cin abinci tare da su. Ya nuna musu cewa Allah ne mai cigiya, mu ne kuwa ɓatattun. A wannan fitowa ina so mu waiwayi tarihi, mu ga yadda wannan cigiya ta iso ƙasar Kano, da kuma waɗanda ta fara samu.

Ƙofar da ta ƙi buɗuwa

A watan Disamba na 1893 waɗansu mutum uku suka sauka a Legas da nufin kai Bishara ƙasar Hausa. Su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin shekara ta zagayo biyu sun mutu. Kent ya rasu a Bida, Gowans kuwa a Girku, cikin ƙasar Zazzau, a 1894. Bingham ya koma gida da ciwo a jikinsa. Daga wannan ƙaramin mafari ne mishan ɗin SIM ya fito, amma sai a 1902 ya sami kafa tasharsa ta fari, a Patigi, can ƙasar Nupe, nesa da Kano.

A 1900 wata ƙungiya ta mishan ɗin CMS ta iso birnin Kano ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, tare da Likita Walter Miller. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba, cikin 'yan kwanaki kaɗan suka fita. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya mutu. Ga shi, gari guda ya riƙe kaburburan masu bishara biyu tun ba a yi wa kowa baftisma a Kano ba.

Waɗansu suna zaton da Turawan mulki suka ci Kano a 1903 sai hanya ta buɗe wa 'yan mishan. Ba haka aka yi ba. Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawari cewa ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnati ta hana 'yan mishan zama a yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi. Likita Miller ya sami zama a birnin Zariya a 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin Hausa. Littafin ya fito, amma karkarar Kano, da garuruwa irin su Dambatta da Makoda da Kazaure, ba mai izinin shiga ya karanta wa mutane shi.

Ƙofar da ba wanda ya zata

A waɗannan shekaru kuturta ta yi yawa ƙwarai a Arewa. Ya kamata mu faɗi gaskiya, Hausawa ba su kori kutare daji ba. Ana ba su sadaka, manyan garuruwa kuma suna da Sarkin Kutare mai kula da al'amuransu. Amma sadaka daban, cin tuwo a kwano ɗaya daban. Wanda cutar ta kama yakan ga matarsa ta koma gidansu, abokan gayya sun daina kiransa, hannun da yake riƙe fartanya da shi ya soma lalacewa. Daga manomi sai ya zama mai bara a bakin kasuwa. Abin da ya fi ciwon jiki zafi shi ne kunya.

Hukumomin En'e sun yi ƙoƙarin tara marasa lafiyan a sansani, amma babu isassun likitoci da masu jinya da za su yarda su zauna a cikinsu. A wajen shekarar 1937 sai aka yi shawara tsakanin gwamnati da sarakuna da 'yan mishan, aka danƙa wa SIM kula da sansanonin kutare guda uku: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ke nan. En'e ta ba da fili da taimakon kuɗi, mishan ya kawo ma'aikata. Ɗaya daga cikin jagororin aikin shi ne Albert Helser, mutumin Amurka, wanda tare da Stover Kulp suka kafa tashar Garkida a 1923, inda aka buɗe asibitin kutare a 1929.

Ku dubi ikon Allah, 'yan'uwa. Shekara arba'in da 'yan kai ana neman shiga ta ƙofar fada da ta kasuwa, ba a samu ba. Da ƙofa ta tashi buɗuwa sai ta buɗe a wurin mutanen da kowa ke ja da baya in sun matso. Sunan wurin ma wa'azi ne. Yadakunya, wato a yar da kunya.

Zama a Yadakunya

Yadakunya tana bayan birnin Kano, cikin ƙasar Ungogo ta yau. Mutane sukan zo daga ƙauyuka masu nisa, waɗansu a ƙafa, waɗansu a kan jaki. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, ana yin allurarsa a fata. Allurar tana da zafi, amfaninta kuma kaɗan ne. Don haka mutum yakan yi shekaru a wurin. Masu sauran ƙarfi suna noma, ana wanke gyambo kowace safiya, ana koyar da karatun boko, ana kuma yin sujada ga wanda ya ga dama.

Kada mu ƙawata tarihi fiye da yadda yake. Yawancin waɗanda aka yi wa magani Musulmi ne, sun kuma koma gida suna Musulmi. Hukuma tana sa ido kada a tilasta wa kowa, an kuma yi ta samun saɓani tsakaninta da mishan a kan wa'azi ga yara. Akwai wani abu mai ɗaci kuma: akan raba jarirai da iyayensu mata domin kada su kamu da cutar, waɗansu yaran kuma aka kai su makarantun mishan, irin ta Roni. Wanda yake da ɗa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan mishan mutane ne kamar mu, sun yi daidai a wani wuri, sun yi kuskure a wani.

Duk da haka akwai abin da marasa lafiyan suka gani wanda ba su saba gani ba. Sun ga mutum mai lafiya ya durƙusa ya riƙe ƙafar da ke wari, ya wanke ta, ya ɗaure, gobe kuma ya sake. Da aka karanta musu Markus sura ta fari, inda kuturu ya zo wurin Yesu yana roƙo, Yesu kuwa ya ji tausayinsa ya miƙa hannu ya taɓa shi, ba su bukaci dogon bayani ba. Bisa ga shari'ar da ke cikin Littafin Firistoci sura 13, kuturu zai zauna shi kaɗai a bayan zango. Yesu yana da iko ya warkar da shi daga nesa da magana kawai, amma ya zaɓi ya taɓa shi. Waɗansu a Yadakunya suka ba da gaskiya, suka koyi karanta Littafi Mai Tsarki na 1932, suka koma ƙauyukansu da shi a cikin jaka.

Ina yaro na san wani dattijo irin waɗannan. Yatsunsa duk sun gutsure, in zai buɗe Littafi sai ya dafe shi da dungu ya juya shafi da leɓensa. Mu yara mukan yi dariya a ɓoye. Sai da na je makarantar tauhidi na gane cewa wannan tsoho ya riga malamaina da yawa sanin ma'anar alheri, gama shi bai taɓa zaton yana da abin da zai kawo wa Allah ba.

Abin da ya biyo baya

Daga kutare aikin ya kai ga makafi. A 1943 SIM ya buɗe asibitin ido a Kano ƙarƙashin Likita Douglas Hursh, wanda har yau ake zuwa daga ko'ina. A ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe, a Uzuakoli da ke gabashin Nijeriya, ya tabbatar da cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana maganin kuturta, ga ta kuma da araha. Daga nan aka soma buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka, mutum ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa. Tsofaffin marasa lafiya da aka horar suna cikin waɗanda suka yi wannan hidima.

A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. A wannan shekara ce kuma gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya, daga baya har da na Hausa, Maganar Allah ta shiga zaurukan da mai bishara ba zai iya takawa ba. Yaƙin Laberiya ya rushe tashar a 1990. A cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan da yawa, Yadakunya ma ta koma hannun gwamnati. A waɗannan shekaru ne kuma Maguzawa masu yawa a ƙasar Kano da Katsina suka karɓi Almasihu, yawanci ta bakin masu bishara 'yan ƙasa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna iri-iri don kuturta, tun 1995 kuwa ana ba da su kyauta. Yau cikin wata shida zuwa shekara guda mutum yakan warke sarai.

Abin da tarihin nan yake koya mana

Na fari, kuturta ba zunubi ba ce, ba kuwa la'ana ba ce. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Sa'ad da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya nuna musu ba laifin mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9). In ka ga tabo a fatarka wanda ba ka jin taɓawa a wurin, je asibiti da wuri. Ɓoyewa ce ke cin yatsu.

Na biyu, cutar da ta kama mu duka ita ce zunubi, tana kuma da hali irin na kuturta. Kuturu yakan taka ƙaya ko ya riƙe tukunya mai zafi bai ji ba, gama jijiyar ta mutu. Haka zunubi yake kashe lamiri, mutum ya yi ta ƙarya, da zina, da cin amana, ba ya jin komai. Wanda ba ya jin ciwo ba ya neman likita. Shi ya sa dole Likitan ne ya fito nemanmu. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 5:8 cewa Almasihu bai jira mu gyaru ba, ya mutu dominmu tun muna cikin zunubinmu. Ibraniyawa 13:12 kuma ta tuna mana cewa a bayan gari ya sha wahala, wato a inda ake ajiye marasa tsarki. Ya ɗauki kunyarmu a kan gicciye domin mu yar da ita.

Na uku ya shafe mu a matsayin ikilisiya, shi ne kuma ya fi damuna. Yanzu muna da gine-gine, da kujeru, da ƙungiyoyin mawaƙa masu anko. To, in mashayin burkutu ya shigo ran Lahadi yana wari, wa zai matsa masa ya zauna? Yarinyar da ta yi ciki a gidan ubanta, bayan an sa ta a horo, wa yake zuwa ya gaishe ta? Saurayin da ƙwaya ta lalata, wa ya san inda yake kwana? Horon ikilisiya yana da wurinsa, amma manufarsa a maido da mutum ne. Jama'ar da kakanninta na bangaskiya kutare ne da makafi ba ta da dalilin ɗaga hanci ga kowa. Makwabtanmu Musulmi ma, waɗanda sarakunansu suka ba da filin Yadakunya, abin da za su fara dubawa shi ne yadda muke riƙe marasa ƙarfi a cikinmu.

Kai kuma mai karatu da kake ganin ka yi nisa, laifinka ya fi ƙarfin gafara, ka tuna da maigidan nan na Makoda da tocilarsa. Tunkiyar ba ta san hanyar gida ba, shi ne ya je ya same ta. Ba a ce ka wanke kanka tukuna ba. Ka zo yadda kake, ka furta zunubinka, ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, zai karɓe ka.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, mun gode maka domin ka neme mu sa'ad da muke ɓatattu. Mun gode domin bayinka da suka wanke gyambon marasa lafiya, da waɗanda suka warke suka kai Maganarka ƙauyuka. Ka gafarta mana girman kanmu. Ka ba mu zuciyar fita cigiyar waɗanda suka ɓata. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.