Binciken zaman jama'a da iyalai masu ƙaramin ƙarfi: abin da ya kamata ka sani

Mai karatu, in kana zaune a karkara ko kana aiki da mutanenta, lalle ka sha ganin baƙi sun sauka ƙofar mai gari da takardu a hannu, suna tambayar dammunan hatsin da aka samu, da bakunan da ake ciyarwa, da awakin da ke turke. Wasunsu ma'aikatan agaji ne masu haɗa sunaye domin rabo. Wasu kuwa malaman jami'a ne da ɗalibansu, waɗanda ba su zo da buhu ko ɗaya ba. Ka bambanta su tun farko, domin wanda ya zaci rabo ake yi sai ya ɓoye akuyarsa, amsarsa ta ɓata binciken, shi kuma ya zauna jiran abin da ba shi zuwa.

Binciken zaman jama'a shi ne bin diddiƙin yadda iyalai ke rayuwa: wa ke ci da wa, ina ake samun rance lokacin bazara, mi ke faruwa da gwauruwa da marayunta in rumbu ya ƙare. Ana cewa an yi shi tare da jama'a idan mutanen gari sun san manufarsa, sun yarda da shi, an saurari kowane ɓangare nasu, kuma an komo an karanta musu abin da aka gano.

A Nijar, Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta daɗe ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Akwai kuma cibiyar LASDEL da aka buɗe a Yamai a 2001, mai zaman kanta, wadda da dama daga cikin masu bincikenta ke koyarwa a jami'a. Jean-Pierre Olivier de Sardan na cikin waɗanda suka kafa ta. Hanyar aikinta ita ce a zauna cikin gari kwana da kwanaki, a yi hira da harshen mutane, a ji ta bakin mai gari daban, ta mata daban, ta samari daban, sannan a gwada maganganun da juna.

Wannan zama ya nuna amfaninsa bayan ƙamfar abinci ta 2005. Binciken da cibiyar ta yi a ƙauyuka ya nuna cewa abin da ya fi riƙe gidaje da yawa shi ne kuɗin da ƴan cin rani suka aiko, musamman daga Najeriya, tare da ƙwadago da sayar da dabbobi, tun kafin taimako ya iso.

Amma aikin da ya fi dacewa ka sani shi ne wanda aka buga a 2014 game da rabon kuɗi hannu da hannu. Tun daga 2010 wannan rabo ya yawaita a ƙasar: ƙungiyoyin agaji na bayarwa a watannin wahala, shirin gwamnati na 2011 mai tallafin Bankin Duniya kuma ya riƙa ba gidajen da aka zaɓa jika 10 kowane wata, a hannun mace. A takarda kome daidai yake: a kasa gidajen gari kashi-kashi, a fitar da mafi talauci, a ba su. A ƙauye kuwa magana ta sha bamban. Mutane na ganin kuɗin a matsayin arzikin da ya faɗo wa gari baki ɗaya, ba su kuma ga dalilin da zai sa a ba wannan gida a tsallake na maƙwabci ba, alhali tuwonsu ɗaya ne. Sai zargi ya shiga, ana cewa mai gari ya sa danginsa. A wasu garuruwa, da motar rabo ta juya baya sai a tattara kuɗin a sake raba su ga kowa. Mata da yawa na miƙa wa mazansu abin da suka karɓa, tunda ciyar da gida nauyin mai gida ne. Kwamitin karɓar ƙorafi kuwa sau da yawa suna ne kawai, domin ba mai son ya kai ƙarar wanda gobe zai je wurinsa rance. Ba a gaya wa mai rabo irin wannan magana. Sai wanda aka tabbata ba shi bayarwa, ba shi hanawa.

Kada dai ka ɗauka maganin shi ne a miƙa wa kwamitin gari kome a koma gefe. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakin ba na mutum ɗaya ba ne. Masu bincike na Bankin Duniya sun gwada hanyoyin zaɓe uku a ƙauyukan Nijar, suka tarar waɗanda ba a zaɓa ba sun fi amincewa da zaɓen da aka yi ta lissafin tambayoyi bisa ga na kwamiti, saboda wasu ƴan kwamiti na jan ruwa zuwa gonarsu. A ganina, wannan shi ne wurin da mai bincike ya fi amfani: shi ke iya zuwa gidan tsohuwar da ba ta magana a taro, ko bukkar baƙon da ke bakin gari wanda ba a lissafa shi cikin ƴan gari.

To, in masu bincike sun zo garinku, ka tambaye su daga wace jami'a ko cibiya suke, wa ya biya kuɗin aikin, kuma ko akwai rabo a bayansa ko babu. Su faɗi amsar a bainar jama'a. Kowa na da ikon ƙin amsawa ba tare da ya rasa kome ba. Kada wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa a takardar yarda sai an karanta masa ita da Hausa. Ɗaliban yaƙi da jahilci na garin na iya wannan aiki, kuma an fi sakin jiki da su. Tambayoyin da suka shafi bashi, ko rashin lafiya, ko zaman aure, a yi su cikin gida, mace ta tambayi mace.

Tun ranar farko ku tsai da lokacin da za a komo da sakamako. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, domin kuɗin mota kan ƙare da zarar an gama rubutu. Ku nemi a yi zama biyu, na maza da na mata, a lokacin da ba na shuka ko girbi ba, a karanta da Hausa ba tare da an ambaci sunan kowa ba, a rubuta gyaran da kuka yi, a kuma bar kwafi ɗaya a hannun kwamitin gari, ɗaya a ofishin magajin gari.