Gayyar Masu Bincike a Karkarar Kano, 1964 zuwa 1999

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, wajen Ungogo ko Minjibir, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona tana manne da gona, ana kuwa nome ta kowace damina, ba a barinta ta huta. Masana da yawa sun daɗe suna zaton irin wannan cunkoso ƙarshensa mutuwar ƙasa ne da ƙarewar itatuwa. Sai da aka shekara talatin da biyar ana aikin gayya kafin wannan zato ya gyaru.

Cikin shekarar 1964 Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da J. Wilson suka shiga gundumar Ungogo, domin su rubuta wa hukumar tsara birnin Kano da kewayensa rahoto. Aka buga shi cikin 1965. A ciki aka bayyana yadda birni da ƙauye ke ciyad da juna, watau jakuna su shiga birni da itace da rani, su komo da mangala cike da taki.

Da Mortimore ya koma Jami'ar Bayero cikin 1979, sai gayyar ta ƙara faɗi. Malamai shida suka haɗu a kan batun itacen girki na Kano: R. Cline-Cole, da J. A. Falola, da H. Main, da J. Nichol, da F. O'Reilly, da shi kansa. Suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da ƙidayar itatuwa a gonaki, suka kuma bi sawun fataken itace. Littafinsu na 1990 ya nuna manoma suna kiyaye itatuwan gonakinsu, irin su ɗorawa da gawo da kuka, ko da fari ya yi tsanani, yawancin itacen birni kuwa daga nesa ake kawo shi. Da kowa ya tsaya ga fanninsa, da wannan jawabi bai fito ba.

Bayan 1990 aka ƙulla zumunci tsakanin Jami'ar Bayero da ta Kambirij a Ingila, aka zaɓi ƙauyuka huɗu, Tumbau ce mai cunkoson cikinsu. A can Maharazu Yusuf ya bayyana tsarin noman garin, Frances Harris kuma ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Aka ga ana haɗa gero da dawa da wake a gona guda, a ciyad da awaki da tumaki da harawa, takinsu ya koma gona. Mortimore da W. M. Adams suka tara sakamakon cikin littafinsu na 1999.

Amma akwai 'yan gayya waɗanda sunansu ba ya hawa bangon littafi, watau masu unguwanni da suka ba da masauki, da tafintoci, da manoman da suka yarda a auna musu dami da mangala. Baƙo ba ya rarrabe jigawa da fadama, ko harawa da karmami, sai mai gona ya koya masa. Ashe rabin ilmin nan cikin kalmomin manoma yake tun asali.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai, in sun aiki ɗalibai ƙauye neman labari, su umurce su da abu biyu. Na fari, su rubuta sunan wanda ya faɗa musu, da garinsa, da kalmarsa yadda ya furta ta. Na biyu, in aiki ya ƙare su koma su gaya wa mutanen abin da aka samu, gama mai gayya ba ya sallamar jama'a da yunwa.